Fentin da Aka Yi wa Gwaggo

Baban Tamfol bai taɓa zama soja ba, bai kuma taɓa tuƙa mota ba. Tela ne. Shekara arba'in yana ɗinka rumfar motoci da rigunan kujeru a shagon ƙofar gidansa, a kan wani keke mai ƙara kamar injin niƙa. A nan son tsofaffin motoci ya kama shi. Wata rana aka kawo masa tsohuwar jif ta soja ya ɗinka mata rumfa, mai ita ya rasu kafin a gama, magada suka ce ba mai son wannan gwangwanin. Ya roƙa, suka bar masa. Ƙarti shida suka turo ta tsakar gida, sai da aka fasa gefen ƙofa kafin ta shige.

Ita ce ya sa wa suna Gwaggo. Bayanta ya samo Kurma a gwanjo, wadda hon ɗinta bai taɓa kuka ba, sannan Gurguwa, mai taya uku da bulo a madadin na huɗu. Matarsa, wadda kowa ke kira Umma, ta haƙura ta ɗaura igiyar shanya daga madubin Kurma zuwa taga. Kaji suka mai da Gurguwa ɗakin ƙwai.

Doka ɗaya ce a gidan: ba a yi wa motocin nan fenti. In baƙo ya zo, sai Baba ya zaga da shi, ya nuna masa maƙalin shebur da gatari, da lotsawar ƙofa, da wata farar lamba da ta kusa gogewa a murfin injin Gwaggo. Da lambar nan ya yi ta rubuta wa tsofaffin sojoji wasiƙu har ya gano wanda ya fara tuƙa ta, da dazukan da ta ratsa. Amsoshin suna nan cike da gwangwanin biskit. Ƙaninsa ya taɓa canja wa Gwaggo madubi don ya burge shi. Shekara shida Baba bai taka gidansa ba.

Da yanar ido ta rufe wa Baba gani, aka kwantar da shi asibiti kwana uku. Mijin Auta, 'yarsu ta ƙarshe, mai fentin motoci ne, bawan Allah mai son a yabe shi, bai fi wata biyar da shigowa dangi ba. Ya zo ya durƙusa.

"Umma, in ɗan gyara wa Gwaggo jiki kafin Baba ya dawo?"

Umma tana jan carbi, ta gyaɗa kai. Ta ga gwangwanaye huɗu sun wuce ta gabanta, ta ga injin fesawa. Ta kuma tuna fararen zannuwanta da tsatsar motar nan ta ɓata shekara talatin. Sai ta kau da kai ta ci gaba da lazimi.

Washegari Gwaggo ta fito kore shar, tana sheƙi kamar sabon bokiti. Mai Fenti ya cike lotsawar ƙofa, ya fente shebur, ya ƙara jan layi a gefe don ado. Lamba kuwa ko alamarta babu.

Auta na shigowa ta ɗora hannu a ka. "Ka kashe ni! Ba ka ji labarin Baba Ƙarami da madubi ba?"

Ya ji a ranar, ya zauna a ƙasa. Su uku suka yi ta neman hanyar tsufar da mota cikin yini ɗaya. Suka watsa mata ruwan ganyen shayi, suka yayyafa ƙasa, suka kora kaji kanta. Ta koma sabuwar mota mai datti.

Aka dawo da Baba da bandeji a ido. A bakin ƙofa ya tsaya, hancinsa ya motsa, ya wuce ciki. Ranar da likita ya kwance bandejin, kowa ya zuba wa Baba ido.

"Dishi-dishi nake gani," in ji shi. "Sai a hankali."

Ya sa aka ajiye masa kujera a gindin Gwaggo. Kullum bayan la'asar sai ya aika a kira Mai Fenti.

"Ɗana, idonka da sauran ƙarfi. Karanta min lambar nan in ji sanyi."

Mai Fenti ya sunkuya kan murfin da babu komai, gumi na ɗiga, Auta na raɗa masa abin da ta iya tunawa daga bayan labule.

"Ikon Allah. Jiya ka ce bakwai ce a ƙarshe, yau huɗu. Sake dubawa." Ko kuma ya ce, "Sa yatsana a lotsawar ƙofa." Sai surukin ya ja hannun tsohon ya kai shi ƙofar Kurma, da yake ita ma a lotse take. "Yau Gwaggo ta yi nisa," in ji Baba. "Tafiya take yi in ba na nan?"

A kwana na shida Umma ta kai masa ruwa shago, ta tarar ya ɗaga allura sama ya zura baƙin zare karo ɗaya. Suka haɗa ido.

"Malam, ka ji tsoron Allah."

"Ke za ki gaya min? Gwangwani nawa ya wuce ta gabanki?"

"Lazimi nake yi."

"Da ido a rufe?"

Ta ajiye kofin. "Yaron nan ya rame, Auta ba ta iya cin abinci. In irin ta ƙaninka za ka yi masa, ka faɗa min yanzu in san abin da zan gaya wa 'yata."

Baba ya juya allurar. "Waccan shekara shidan ni na fi shan wuyarta. Jira nake ya faɗa da bakinsa. In ya iya kwana ashirin yana karanta min lambar da babu, to me yake karanta wa Auta a gida?"

Umma ba ta kai wa kowa maganar ba, ko da yake ta ciji leɓe har sau biyu. Ta dai ƙara tsawon addu'arta.

A kwana na tara Mai Fenti ya zo ba a kira shi ba. Ya cire hula ya durƙusa.

"Baba, babu lamba. Ni na shafe ta. Na fente Gwaggo gaba ɗaya, har shebur. Ƙarya nake ta yi maka."

"Da jan layi," in ji Baba. "Ka manta jan layi."

Ya ɗaga matashin kujerarsa ya zaro ƙunshin samfefa mai laushi, irin wadda ake gogewa da ruwa. "Da hannu, ba inji. Naka koren za ka cire, ka bar mata nata. Duk Asabar, har ta fito." Ya yago guda ya miƙa wa Umma. "Wannan na mai lazimi ne. Shebur."

Ta karɓa, ba ta yi musu ba.

A Asabar ta uku, Mai Fenti na goga a hankali da yatsa biyu, Baba yana can ƙofar shago, faɗin tsakar gida a tsakaninsu.

"Tsaya! Ga wutsiyar tara nan ta leƙo. Ɗaga hannunka!"

Mai Fenti ya kai fuska har hancinsa ya taɓa ƙarfe kafin ya ga ɗan farin ɗigon. Ya waiwayo.

"Baba, daga can ka gani?"

"Likitan nan ya iya aiki. Ƙaro ruwa, ka bi ta hagu."