Teta Munevera da Ƙauyukan da Na Mayar Sifili

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairun 2025, Allah ya karɓi ran Munevera Alagić a gidanta da ke birninmu na Tuzla, tana da shekara saba'in da uku. Ni ban ji ba sai washegari da safe. Ina hanyar ofis na ga takardar nan mai koren baki, wadda muke sanar da rasuwa da ita, manne a jikin turken wutar bakin layinmu. Na saba wuce irinsu ko kai ba na ɗagawa, amma ran nan hoton ya tsayar da ni. Na daɗe a wurin, har wata tsohuwa ta ce in ɗan matsa ita ma ta karanta.

Teta, ba ki haɗa jini da ni ba, amma duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinki da wannan suna yake kiranki, kamar ƙanwar uwarsa. Yau da ke nake son yin magana, don akwai abin da na riƙe ban faɗa miki ba.

Kin shiga aikin ƙididdiga a 1971, kina 'yar shekara sha tara, lokacin ƙidayar jama'a. Kin sha ba mu labarin ɗakin da aka jera ku 'yan mata arba'in, kowace da injin huda kati a gabanta. Mutum ɗaya, kati ɗaya: shekarunsa, sana'arsa, garinsu, duk a 'yan ramuka. Kwamfutar da ke karanta katunan ta cika ɗaki guda, maza masu fararen riguna kaɗai ke shiga wurinta, ku iyakarku bakin ƙofa. Wata rana akwatin kati dubu biyu ya suɓuce wa wata abokiyar aikinki a kan matakala, ta zauna tana kuka. Kika durƙusa kuka yini kuna jerawa, kuma tun daga ranar ba a ƙara fitar da akwati daga ɗakin ba sai kin ja masa layi a karkace da alƙalami a gefen katunan, yadda ko sun watse za a gane mazaunin kowanne. Da karatun yamma kika tsallake ƙofar nan, har kika zama mai ba masu fararen rigunan umarni.

Kin ga zamanin kati ya wuce, na manyan faya-fayan tef ya zo shi ma ya wuce. Da yaƙi ya ɓarke a ƙasarmu, ke da wasu mutum biyu kuka kwashe faya-fayan rajistar haihuwa kuka kai ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kuma bayan an yi sulhu mutane da yawa da takardunsu suka ƙone da su suka tabbatar da sunayensu. Ba a bakinki na ji wannan ba, a bakin mai gadi na ji.

A 2003 na zo hannunki, da sabon digiri da girman kai. Abin da ya fara ba ni dariya a wurinki wata ɗabi'a ce: duk jadawalin da aka kawo miki, ko layi miliyan ne, sai kin ɗora yatsa a kan layi ɗaya kin ce a nemo miki ko wane ne. A buga masa waya, ko a je. Mu matasa muna ganin ɓata lokaci ne, muna ƙunshe dariya a bayanki. Kina sane, ba ki taɓa nunawa ba.

Sai duniya ta juya a gabanmu. Komai ya fara barin sawu: wayar hannu, katin sayayya, kyamarar kan titi. Abin da 'yan mata arba'in suka huda a shekara guda, yanzu yana shiga na'ura kafin gahawa ta huce. Aka daina tambayar mutane, aka koma bin sawunsu. Wanda bai san ki ba zai ɗauka kin ƙi sabon zamanin, alhali kin fi mu ɗoki. Kina da shekara sittin kika koyi sabbin hanyoyin nazarin bayanai, har kina kama mu da kuskure a ciki. Da kika yi ritaya ni kuma na koma wani kamfani mai zaman kansa, amma ban daina kawo miki rahotannina ba. Gaskiya yabo nake zuwa nema.

A watan Afrilun bara wata gunduma ta ba mu aikin gano hanyoyin da motocin fasinja ke bi ba tare da amfani ba, don a soke motocin. Muka ɗauki bayanan wayoyi na wata shida, ba suna ba lamba, muka kafa ƙa'ida: wayar da ke kwana a wuri sau huɗu a mako, mai ita mazauni ne, wadda ke bayyana sau ɗaya, baƙo ne mai zuwa hutun ƙarshen mako. Da wannan ƙa'ida wani ƙauye a kan dutse, Bukovik, ya fito da mazauna sifili. Na rubuta a soke motar da ke hawa can duk Laraba, na sa hannu, na miƙa. Sannan na kawo miki taswirar ina taƙama.

Kika gyara tabarau, yatsanki ya yi yawo ya tsaya.

"Mido, wannan sifilin wa ya haife shi?"

"Na'ura, Teta. Waya dubu ɗari uku muka bi."

"Na ji. Ka je?"

"Ina?"

"Kai dai digirinka ya fi ka wayo. Ɗauko makullin mota."

Muna shan kwanar ƙarshe ta hanyar Bukovik muka hango hayaƙi na tashi daga rufin gidaje. Kina ƙirgawa da ƙarfi, ba don kanki ba, don ni: sha ɗaya. A gidan farko wata tsohuwa, Nana Hajrija, ta shigar da mu ta ɗora gahawa tun kafin ta tambayi sunanmu. Na ce ko tana da waya.

"Waya? Akwai mana, har mai hoto."

Ta buɗe kabad ɗin gilashi inda ake ajiye kofunan baƙi, ta ciro ta a naɗe cikin ƙyallen saƙa.

"Ɗana ya aiko daga Graz, can ƙasar waje. Lahadi bayan azahar nake kunna ta, ya kira, in ga jikoki, in kashe."

"Me ya sa kike kashewa, Nana?"

"Yo in bar ta ta yi ta shan wuta ba gaira ba dalili? Kai in ka gama girki barin murhu kake yi a kunne?"

Haka duk ƙauyen suke yi, su goma sha tara. Mijinta, Dedo Avdo, yana kwance a gefen murhu da ciwon suga da gyambo a ƙafa, kuma nas ɗin da ke wanke masa duk mako a motar Laraba take hawowa. Da ya ji daga birni muke, ya ɗago ya ce, "In kun san mutanen gunduma, ku ce direban nan ya rage latti, yarinyar tana shan sanyi a tasha." Na kasa shanye gahawar.

A hanyar dawowa na yi ta jiran faɗa, bai zo ba. Sai da muka sauko kan kwalta kika ce, "Na'urarka ba ta yi ƙarya ba, ɗana. Wayoyi ka ce ta ƙirga, ta ƙirga." Daga nan kika koma zancen ciwon gwiwarki.

Na janye rahoton. Shugabana ya yi ta kumfar baki, har ya ce in fara neman wani aikin, amma motar Bukovik ba a taɓa ta ba. Na zo miki da kwalin alewa, ina jin kaina kamar wanda ya ciro mutum daga rijiya, na manta ni na tura shi. Kika karɓa kika ajiye, kika ce, "Sannu da ƙoƙari. Sauran fa?" Kin riga ni tunawa: da wannan ƙa'idar muka yi wa wasu gundumomi huɗu aiki a shekaru ukun da suka gabata. Na koma na duba, ƙauyuka talatin da ɗaya muka ba sifili. Na yi miki alkawarin zan taka kowanne da ƙafata in dawo miki da labari.

Ga abin da na ɓoye miki, Teta. Na je tara. Uku kufai ne da gaske, shida da mutane a ciki, kuma a biyu daga cikinsu an riga an soke motar tun shekara biyu. Na tara ɗin a watan Oktoba na je. Na tarar da wani dattijo yana faskare a ƙofar gida, na gaya masa ko ni wane ne da abin da na rubuta a kansu. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce lokacin da motar ta daina zuwa su takwas ne. Biyu sun rasu, uku 'ya'yansu sun zo sun kwashe su don ba za su iya tafiyar kilomita bakwai zuwa titi ba. Ya jingine gatarin ya dube ni ya ce, "Saura mu uku. Ka ɗan ƙara haƙuri, ɗana, takardarka ta kusa yin daidai."

Tun daga ranar na kasa haɗa ido da ke. Sau biyu kika kira ni, na ce aiki ya yi yawa. Na riƙa ce wa kaina sai na gyara tukuna in zo da labari mai daɗi, ban san ciwo na cin ki ba, don ke ma ba ki faɗa ba. Wata huɗu, gidanki na tafiyar minti goma daga nawa, kunya ta hana ni zuwa. A makabarta, da layi ya zo kaina na kama makararki, wannan ne ya fi komai yi mini nauyi.

Na rubuta wa gundumomin huɗu da sunana, ba da sunan kamfani ba, na ce kuskuren nawa ne. Ɗaya ta amsa. Saura ƙauyuka ashirin da biyu, kuma zan je su ko da ba wanda zan kawo wa labarin.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki Nihada da jikokinki, da ƙaninki Sakib, da duk waɗanda suka koyi aiki a hannunki. Allah ya ba su haƙuri da juriya. Ya Allah, baiwarka Munevera ta zo gare ka. Ta rayu tana tsoron kada a manta da ko mutum ɗaya daga cikin bayinka, ka lulluɓe ta da rahamarka. Ka gafarta mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sa Aljanna ce makomarta. Mutum ukun nan da suka rage a kan dutse, ka tsare su har motar ta dawo. Ni kuma, Teta, ki yafe mini.

Midhat Kurtović, Tuzla