Ranar da ya tare tankar mai saboda dawar Baba

Ko zan manta komai a rayuwa, ban da ranar da maigidana ya fara zuwa gaishe da Baba. Lokacin yana neman aurena, tela ne ɗan birnin Omdurman, bai san komai na gona ba sai abin da ya gani a kwano.

Gonarmu tana kudu da garin Jabal Awliya, a bakin wata kwalta da kamfanin mai ya shimfiɗa don tankokinsa. Su suka gina, amma mu muka fi morar ta. Da kaka ta yi, sai manoma su baza zangarniyar dawa a kan hanya, manyan motoci su bi ta kai su sussuke mana a huce. Direbobin sun saba, ladansu shayi ne da addu'a.

Ran nan Baba ya baza tasa tun da hantsi, ya tafi bakin kogi, ni kuma ina cikin bukka ina haɗa shayi. Baba ya riga ya ce ba zai ba da ni ga wanda ba shi da amfani ba.

Sai na ji ƙarar burki. Na leƙo, me zan gani? Mutumin nawa tsaye a tsakiyar titi cikin farar jallabiya, ya ware hannuwa a gaban tanka!

Direba ya leƙo yana ihu: "Ya zol, kai malam, kauce! Aiki zan yi muku!"

"Wallahi ba ka taka abincin bayin Allah!" in ji shi.

Kunya ta hana ni fita. Ina kallo ya kwashe dawar nan kaf zuwa gefe, ya ɗaga wa direba hannu kamar ɗan sanda. Tankoki suka wuce a jere kan kwalta fes.

Da Baba ya dawo, ya dubi tulin dawa, ya dubi baƙo da ƙaiƙayi har cikin gashi.

"Wa ya yi min wannan aika-aika?"

"Ni ne, Baba. Saura kaɗan su lalata ta," ya faɗa yana murmushi, yana jiran a sa masa albarka.

Na ce a raina shi ke nan, aure ya sha ruwa. Sai kawai Baba ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Wanda ya tare tanka saboda dawar wani ba zai bar 'yata ta wulaƙanta ba. Na ba ka. Amma ungo sanda, abin da ka hana mota yi, kai za ka yi."

Har la'asar yana bugu, tafin hannunsa duk ya yi kanta. Tun daga ranar na gane matambayi ba ya ɓata, amma na kuma gane zuciya mai kyau tana rufe wauta. Har gobe in ya tashi taya ni aiki, sai ya fara tambaya: "A kwashe ne, ko a bari mota ta bi?"