Hanci Ɗaya, Gwaji Uku

A shekarar da korona ta koya mana cewa hanci ma yana bukatar takardar shaida, ina koyar da tarihi a wata sakandaren gwamnati ta kwana a Yendi. Muna cikin hutu umarni ya sauko daga sama. Duk ɗalibin da zai dawo sai ya zo da sakamakon gwaji mai nuna ba ya ɗauke da cutar, kuma kada gwajin ya wuce kwana uku da yi. Wanda ya zo hannu wofi, ko ya zo da tsohuwar takarda, za a kai shi ɗakin killacewa da ke bayan kicin ya yi mako biyu yana kallon bango. Hedimasta ya kira mu ya karanta mana wannan da muryar da yake sanar da kora, sannan ya sa ni a kwamitin tsaron ƙofa. A ganinsa malamin tarihi ba shi da aikin gaggawa, tunda duk mutanen da yake hulɗa da su sun riga sun mutu.

Da abin bai dame ni ba, in ba don 'yar yayata ba. Tana ajin ƙarshe a makarantar tamu, kuma washegarin ranar dawowa masu rajistar jarrabawar fita za su zo su ɗauki hoton kowane ɗalibi da zanen yatsunsa. Sau ɗaya suke zuwa. Wanda yake bayan kicin a ranar, babu hoto, babu jarrabawa, sai baɗi.

Yayata 'yar kasuwar doya ce a Salaga, kuma duk iliminta na duniya a kan abu ɗaya ya tsaya: ka riga jama'a isa. Ranar da ta ji sanarwar, kafin hantsi ta ɗora yarinyar a bayan babur ta kai ta asibiti. Da takardar ta fito ta wuce da ita wurin mai kwamfuta ya lulluɓe ta da roba, kamar yadda muke yi wa duk takardar da muke ganin girmanta, ta rataye ta a bango kusa da hoton marigayi mijinta. Sannan ta buga mini waya.

"Ticha, mun gama. Mu ne na farko a duk Salaga. Ko layi babu."

"Yaya, ai da sauran lokaci kafin a koma. Takardar nan kwana uku kawai take yi."

"Na sa mata roba. Ko shekara goma sai ta yi."

Na yi mata bayani irin na aji ɗaya, cewa wannan takarda ba dangin takardar haihuwa ba ce, dangin koko ce: in ta kwana biyu sai ta yi tsami.

Sai ta ce, "Duk karatunku abin da ya haifar ke nan? Takarda mai tsami?"

"Ba ni yarinyar in yi mata magana."

"Ta tafi Bawku sallama."

A nan na zauna, don na san abin da wannan kalma take nufi. A danginmu yaro ba ya komawa makaranta kamar ɓarawo. Sai ya bi gidajen 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa, ya ce zai koma, a yi masa addu'a, a ba shi sabulu ko sukari ko ƙullin gari, a ɗora da nasihar da ba ta da ƙarshe. Gidan da aka tsallake ba ya mantawa. Ranar auren yaron za a tuna maka. Dangin uban yarinyar duk a Bawku suke, kuma tun rasuwarsa kakarta, Hajiya, ta riƙe wannan zagaye kamar muƙamin da aka naɗa ta a kai. Sunanta aka sa wa yarinyar, don haka takwara take kiranta.

Da ranar dawowa ta matso na hau mota na nufi Bawku, da niyyar in sa a sake gwajin in ɗauko ta. Yinin farko ya tafi a kan gaishe ni da aka yi, domin suruki daga Salaga ba ya shigowa gari a ɓoye. Washegari na samu na kai ta asibiti. Ma'aikaciyar ta tura tsinken nan mai auduga cikin hancinta, ta juya shi kamar mai neman ɗan kunne a ƙarƙashin gado. Yarinyar ta fito tana hawaye ta ce, "Kawu, wallahi har darasin da na manta a aji biyu ta taɓo."

Na nuna wa Hajiya sabuwar takarda, na ce daga yanzu agogo ya fara gudu.

Ta ce, "To ya gudu mana. Shi ai ba shi da dangi."

Sai na gano yadda take tsara zagayen. Ba ta bin unguwa-unguwa, girma take bi. Babban yayan marigayi mijin Hajiya yana can gefen kasuwar dabbobi, mai bi masa tana ɗaya ƙarshen gari wajen hanyar Pusiga, na uku kuma katangarsa tana manne da ta na farkon. Haka muka riƙa tsaga Bawku a keke mai ƙafa uku, mu je mu dawo, kamar masu saƙar tabarma. Na kawo shawara cikin ladabi, mu gama da gidajen da ke kusa da juna tukuna.

"Malam," in ji ta, "a Salaga haka kuke yi? Ku gaida ƙane kafin wa don ƙofarsa ta fi kusa?"

"To, Hajiya, sauran a kira su a waya."

"Waya tana durƙusawa?"

Kowane gida kuma sai an ci. Ni da aka naɗa mai tsaron ƙofa don hana cuɗanya, na sauke takunkumina zuwa haɓa na sa hannu a kwano ɗaya da tsofaffi, tuwo da miyar ayoyo a nan, shinkafa da wake a can, har na daina tuna a gidan wa nake. Wata gwaggo ta riƙe mu da labarin yadda uban yarinyar ya faɗa rijiya yana ɗan yaye. Wani baffa ya ce ba za mu tashi ba sai ɗansa ya dawo daga gonar albasa, don shi ma yana da haƙƙi a sallamar.

Ana gobe komawa, bayan la'asar, ko rabin gidajen ba mu kai ba. Na shirya jawabi mai hujja uku da kammalawa, amma yarinyar ta riga ni. Ta zauna a gefen tabarmar kakarta ta ce, "Hajiya, in ban shiga hoton nan ba, shekara guda zan yi a nan ina tsince miki ruɓaɓɓiyar albasa. Sa'o'ina su wuce, ni ina zaune."

Hajiya ta daɗe tana juya ɓarin goro a hannunta. Can ta ce, "Ubanki bai taɓa fita garin nan bai yi sallama ba, sai tafiyar da bai dawo ba." Ni dai na maida hujjojina uku aljihu.

Sai ta jefa goron a baki ta tafa hannu. "To, tunda takwara ba za ta iya zuwa wurinsu ba, su su zo. Wanda ya yi rakiya ai ba ya cewa ba a sallame shi ba."

Da safe na fito na tarar da doguwar mota a ƙofar gida, cike da duk wanda ba mu kai gare shi ba. Gwaggwanni, innoni, har da baffa mai gonar albasa da ɗansa da aka riga aka sallama amma suka ƙi zama, buhunan albasa a sama, zabbi a ƙarƙashin kujeru, tukwane a tsakanin ƙafafu. An zaunar da su bisa girma, babba a gaba. Muna barin garin Garu yarinyar ta fara aikinta: ta durƙusa a tsakanin kujeru, ta ce za ta koma, a yi addu'a, mota duka ta amsa da amin, ta matsa baya. A hawan dutsen Nakpanduri motar ta karkata, ta faɗa cinyar wata gwaggo da ba a zo kanta ba tukuna. Aka yi muhawara ko wannan ya zama sallama. Aka yanke cewa bai zama ba. Kafin Gushegu ta kai kujerar ƙarshe, gwiwoyinta sun yi fari, akwatinta ya cika da sabulu.

Ƙofar makarantarmu a ranar ta yi tsaf. An zana da'ira da farar ƙasa inda kowane ɗalibi zai tsaya nesa da ɗan'uwansa, ga bokitin wanke hannu, ga abokan aikina riƙe da na'urar auna zafi suna nuna ta a goshin yara. Cikin wannan tsari motarmu ta tsaya, ta fara zubar da mutanen Bawku. Suna saukowa suna miƙa, suna tari irin na wanda ya yini da goro, suna riƙe hannun duk wanda suka gani suna tambayar iyalinsa.

Hedimasta ya taho da sauri. Mutumin kudu ne, Hausarsa ta kasuwa ce, wadda mace da namiji duk "kai" ne a cikinta. Ya dube ni, ya dubi motar, ya sake dubana.

"Masta, kai ne kwamiti."

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ga takardarta, ba ta wuce lokaci ba."

Ya karanta ta daga nesa, ya ce da Turanci abin da na kasa musantawa: takardar ta san hancin yarinyar na Bawku, amma ba ta san hancin da ya yini a cikin motar nan ba. Bayan kicin za ta.

Yarinyar ta kama hannun rigata.

Hajiya ta tambayi abin da ya ce. Na fassara, na rage masa kaifi gwargwadon iko. Ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a gindin bishiyar dogon yaro da ke bakin ƙofa, ta zauna, ta miƙe ƙafa.

"Gaya masa gaskiya ya faɗa. Tare muka zo, numfashinmu ɗaya. In takwara tana da ita, muna da ita. Sai a killace mu tare. Ina ɗakin? Akwai murhu?"

Kafin in gama fassarawa gwaggwanni sun fara sauke tukwane. Wata ta kwance zabuwa. Baffa yana tambayar maigadi ina gabas.

"Hajiya, kai ba ɗalibi ba ne," in ji hedimasta.

"Ɗana, ban ce a koya mini komai ba. Wurin kwana na tambaya."

Na ga yana lissafa mako biyu da mutanen nan a bayan kicinsa. Nas ɗin makaranta ta matso ta yi masa raɗa. Akwai 'yan kayan gwaji na gaggawa da aka ba mu, kaɗan ne ƙwarai, yana kulle da su a ofis don wanda zazzaɓi ya kama. Ya ja dogon numfashi a cikin takunkuminsa, ya ciro makulli.

Da nas ta nufo yarinyar da tsinke, Hajiya ta ɗaga hannu. "Tsaya. Sau biyu ana tsire mini jika a bayan idona. Fara da ni, in ji abin da take ji."

Ban so haka ba, domin in na Hajiya ya nuna cuta, magana ta ƙare. Amma wa zai hana ta? Nas ta tura tsinken. Hancin da ya yi shekara da shekaru yana shaƙar garin taba ko motsi bai yi ba. Hajiya ta dubi audugar ta ce, "Shi ke nan? A kan wannan aka rufe duniya?"

Aka zo kan yarinyar. Tsinken yana fita ta saki atishawar da ta sa 'yan kwamiti suka watse daga da'irorinsu, mutanen Bawku kuwa suka haɗa baki suka yi mata addu'ar atishawa har tsuntsayen kan bishiya suka tashi.

Aka ajiye 'yan faifan gwajin biyu a kan tebur aka zuba musu ido. Ban taɓa jin danginmu sun yi shiru haka ba, ko a wurin rasuwa. Layi ɗaya ya fito a na Hajiya. Layi ɗaya ya fito a na takwararta. Nas ta ce babu komai. Wata gwaggo ta rangaɗa guɗa, hedimasta da kansa ya ɗauki akwatin yarinyar ya shigar da shi, ina jin don kada wani ya canja shawara. Hajiya ta bar masa buhun albasa da zabbi biyu, ta yi masa sallama yadda ya kamata, wadda ta ɗauki lokacin da ya fi na gwajin.

Washegari masu rajista suka zo, ta shiga layi aka ɗauke ta. Hancin da aka tsire sau uku ya kumbura ya yi ja, idanun suna ƙyalli da ruwa, kamar wadda aka gaya wa mugun labari ana dab da danna na'ura. Hoton nan ne a kan takardar sakamakonta, kuma da shi za ta nemi aiki har ta tsufa.

Ta ci jarrabawar. Yayata ta kai takardar wurin mai kwamfuta ya lulluɓe ta da roba, ta rataye ta a bango, gefe da gefe da takardar gwajin farko, wadda har yau ta ƙi saukewa. Duk lokacin da na je Salaga sai ta nuna mini ita da haɓa ta ce, "Ticha, sansana mana. Ta yi tsamin?"

A Bawku kuwa akwai wata inna da ta je bayi lokacin da motar za ta tashi, aka bar ta. Har yanzu in na gaishe ta, kai kawai take ɗaga mini. Ta ce tana jiran ranar auren.