Haddar Injin Jirgi

Shekarata ta uku a Alƙahira ina karatun lantarki, darasi ɗaya ya tsaya mini a wuya: yadda ake sarrafa injin da ke juya ƙafafun jirgin ƙasa. Na riga na faɗi sau ɗaya. In na sake faɗuwa, tallafin karatu ya yanke, iƙama, takardar izinin zama a Masar, ta bi shi, sai gida.

Ni kuwa da allo na tashi, hadda ita ce abin da na iya. Na haddace babin kaf, har lambar shafi. Ina kai-komo a ɗakinmu na Abbasiya ina rera shi kamar mai tilawa, abokan kwana suna ce mini gwani. Barci ba ya zuwa, shayi ba ya shiga.

A masallacin Hadayek el-Maadi na san wani dattijo, Bahaushen Sudan, wanda ya tsufa yana gyaran injinan jirgi. Na karanta masa babin da ka, ban yi tuntuɓe ba. Ya ce, "Tamam, ɗana. To me ya sa ake rage maganaɗisun injin?" Na koma farkon shafi, na sake kama rerawa. Ya ce, "Khalas, tashi mu je."

Muka shiga tsohon jirgin metro, jirgin ƙasan cikin gari, ya tsayar da ni inda ƙarar inji ke ratsa tafin ƙafa. Haushi ya cika ni, saura kwana huɗu jarrabawa ana yawo da ni.

"Saurara," in ji shi. "Yanzu ana ƙara masa ƙarfin wuta kaɗan-kaɗan. Amma duk sa'ad da inji ya ƙara juyawa, shi ma yana haifar da tasa wutar, tana ture wadda ake ba shi." Ƙarar ta hau, ta hau, ta tsaya wuri ɗaya. "Ka ji? An ba shi duk abin da waya ke da shi, babu ƙari. Sai a karkatar da wani kaso na wutar daga naɗin wayar da ke haifar da maganaɗisun. Maganaɗisu ya yi rauni, turewar ta ragu, wuta ta sami hanya." Kafin ya rufe baki ƙarar ta sake ɗagawa. Ya ce gudu ya ƙaru, amma ƙarfin ja ya ragu. Sau biyar muka je muka dawo, ban zauna ba.

Ranar jarrabawar baki, malamin bai tambayi komai daga shafukana ba. Cewa ya yi, "Me zai hana a rage maganaɗisu tun daga tasha?" Na laluba haddata, babu. Na ce, da Larabcina mai ɗingishi, jirgin da ke tsaye ja yake bukata, ba gudu ba, kuma babu turewar da za ta tare wuta, sai naɗin ya ƙone jirgi bai motsa ba.

Ya yi rubutu, ya ce, "Ka ci. Yalla, turo na bayanka."

Da na fito, a matakala na zauna. Da na koma ɗaki na jawo akwatina daga ƙarƙashin gado, wanda na ɗaure tun mako biyu ban gaya wa kowa ba, na fara mayar da rigunana kan ƙusa.