Jar Fatar Baba a Kan Littattafan Lakwal

Shekarata ta biyu ina koyarwa a wani ƙauye gaba da Tirmini aka kawo mana akwatin. Na ƙarfe ne, shuɗi, da kwaɗo a bakinsa, cike da littattafan labarai na Faransanci da na Hausa, masu hotuna. Wata ƙungiya ce ta tsofaffin 'yan lakwal, wato makarantar boko, na Damagaram, 'yan kasuwa da ma'aikatan da suka ajiye aiki, suke haɗa abin da ya sawwaƙa su saya wa lakwal ɗin gwamnati na karkara. Ba littattafan darasi ba ne. Na jin daɗi ne, yaro ya tafi da shi gida ya karanta abinsa ba don jarrabawa ba.

Wadda ta kawo shi wata Hajiya ce, tsohuwar ungozomar asibiti, gajera, mai maganar da ba ta da kwana. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta gama sha ba ta faɗi sharaɗinta. Ta ce akwatin aro ne. Kafin babban hutu za ta dawo. In ta tarar ana karantawa, ya zama namu, har a ƙaro wasu. In ta tarar ba a karantawa, za ta sa a mota ta kai wa waɗanda suke so, don masu jira suna da yawa. Darakta, shugaban lakwal ɗinmu, ya karɓi mabuɗin, ya juyo ya danƙa mini, tunda ni ke riƙe da ajin manya.

Ni kuwa na so akwatin nan kamar me. Yarana ba su taɓa karanta komai ba sai abin da na rubuta a allo, shi ma a goge kafin a tashi. Akwai wata yarinya a layin baya, 'yar mai man gyaɗa, wadda na yi shekara guda ban ji muryarta ba sai in ana kiran suna. Ita ce ta fara ɗaukar wani littafi na labarin biri da ya saci keke. Washegari na same ta a gindin gawon da ke tsakar lakwal tana karanta wa ƙanana, har da kwaikwayon muryar birin. Na tsaya daga nesa don kada ta gan ni ta yi shiru.

Wata huɗu ba a yi ba littattafan suka fita hayyacinsu. Bangon takarda ne, ina zai iya da hannun 'ya'yan manoma? Wani ya rabu biyu, wani shafukansa suna zuba, wani akuya ta ci masa kusurwa. Na yi ta liƙi da ƙaro har na gaji. Ina da saurin fushi, ban taɓa ɓoye wa kowa ba, kuma kunya ce ta fi tayar mini da shi. Duk na tuna Hajiya za ta buɗe akwatin nan ta ga tsummokara, sai in ji zuciyata tana tafasa. Da aka ba da hutun tsakiyar shekara na kwashe su kaf na zuba a buhu, na hau mota zuwa gida.

Babana baduku ne a Birnin Damagaram, haka ubansa, haka kakansa. Abin da aka fi saninsa da shi bangon littattafan malamai ne da gafaka, jakar fatar da ake sa Alƙur'ani a ciki. Na zazzage masa buhun a zaure. Ya ɗauki ɗaya da yatsa biyu ya juya shi, ya ce, "Madam, wannan littafi ne ko faifan tuwo?" Tun da na kama aiki yake kirana Madam in yana son tsokanata. Na ce, "Baba, ka rufa mini asiri dai." Bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Ya jawo askarsa kawai.

Mako biyu ya yi a kansu, ya ajiye aikin mutane. Ya ɗinke kowanne da zare mai ƙarfi, ya sa masa jar fata, ya ja baƙaƙen layuka a gefe, ya yi masa marfi mai naɗowa da igiyar ɗauri. Kuma da yake hannunsa ya saba da littattafan Larabci, sai ya yi adon a ɓangaren da su suke buɗewa, wato bayan namu ya zama gaba. Na gani, na yi dariya, na ce ba komai. Wallahi sun yi kyau. Na rungume su na koma ƙauye ina jin babu malamar da ta kai ni dabara a duk Damagaram.

Ranar da na raba su, yaran suka yi tsit. Kowa ya miƙo hannu biyu ya karɓa, ya rungume a ƙirji. Na ce a raina, to, yanzu kun san darajar abu. Littattafai suka riƙa dawowa tsaf, ko ɗigon miya babu. Sai masu ɗauka suka fara raguwa. Gindin gawo ya koma wurin 'yar gala-gala. Ran nan ina karɓar wani littafi sai idona ya faɗa kan igiyar. Ƙullin Baba ne, na san shi, yakan lanƙwasa bakin igiya ya soke ta ƙasa. Na duba na biyu, na duba na uku, duk haka. Tun da suka baro zauren gidanmu ba a kwance su ba.

Nan fa na hau su da faɗa. Ba abin da ban kira su ba: malalata, marasa godiya, masu kan dutse. Na ce tsoho ya kashe idonsa a kanku kun mayar da shi abin wasa. Na tambayi dalili, ba wanda ya ɗago kai. Har 'yar mai man gyaɗa na tsayar na yi mata tas, ta tsaya tana kallon yatsun ƙafarta, hawaye na zuba. Har yau in na tuna wannan ina jin nauyinsa.

Saura mako biyar a yi hutu, wata Laraba da la'asar, na shiga gidan su yarinyar nan sayen mai. Uwar tana durƙushe tana matsar tunkuza. Ta ce in shiga ɗaki in ɗauko kwalba. Ina ɗaga kai sai ga littafin birin nan rataye a ƙusa can sama kusa da rufi, gefe guda da gafakar maigidan.

Na fito da shi a hannu na ce, "Iya, me ya kai wannan can sama?"

Ta yi saurin goge hannu a zane. Ta ce, "Madam, ai nan ne wurinsa. Maigidan ya ce kada wanda ya taɓa sai da alwala. Ita kuwa yarinyar daga lakwal sai rijiya, daga rijiya sai ta taya ni wannan aiki, hannu duk mai. Yaushe za ta taɓa?"

Na ce, "Iya, labarin biri ne fa a ciki. Biri da keke."

Ta dube ni da tausayi, kamar ni ce ban gane ba. Ta ce, "Da can dai, kafin ki kai shi birni."

Na zauna a kan turmin da ke kife. Ashe duk garin haka ne. Jar fata da marfi da igiya, ga shi yana buɗewa ta dama, ai kowa ya san irin littafin da ke zuwa a haka. Ba wanda zai bar ɗansa ya kwanta a tabarma da shi, ko ya ajiye shi a ƙasa, ko ya tafi da shi kiwo. Yaran ma da suka san abin da ke ciki, tsoron iyaye da kwarjinin fatar ya hana su. Ni 'yar baduku, wadda ta tashi tana ganin yadda ake karɓar irin wannan aiki da hannu biyu, ni ce ban hango ba.

Asabar na isa gida a fusace. Na ce wa Baba ya ɓare fatar gaba ɗaya, a mayar da su yadda suke. Ya ajiye basillar da ke hannunsa ya ce, "In ɓare?" Na ce, "Ai kai ka ja mini. Wa ya ce ka yi musu shigar malamai?" Maganar tana fita na so in kamo ta. Can ya ce, "Ni ban san akwai littafin da ake karantawa a kwance ba. Da kin faɗa mini." Na ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu kawai. Na ɗauka shi ke nan, na rasa akwati na kuma ɓata wa ubana rai. Ranar Litinin da safe ina fitowa da jakata na same shi a ƙofar gida, ya sa hularsa ta zuwa Juma'a, jakar kayan aiki a kafaɗa. Ya ce, "Ina ake shiga motar taku?"

A gindin gawo ya shimfiɗa tabarma. Na sa aka tattaro littattafan daga gidaje. Ya fara da yanke igiyoyin da marafan. Na ce ya yanka hoton dabba ya liƙa a kan kowanne, biri ko zomo, don kowa ya san littafin addini ba ya ɗaukar hoto. Ya ce shi bai taɓa yin surar abu mai rai ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Ya yi tunani ya ce zai yi buta. Na ce, "Baba, buta kuma? Ana gudun alwala?" Shi kansa sai da ya murmusa. Daga ƙarshe ya fito da koriyar fata ya shiga yanka kamiyo, wato babbar motar kaya, da keke, da rediyo, da jirgin sama mai kama da kwalba, yana ɗinkawa a ɓangaren da littafin yake buɗewa na gaskiya.

Mazan gari suka yi ta zuwa gaishe da baƙo, suka zazzauna, har da uban yarinyar nan. Baba ya gama ɗinka keke a kan littafin birin, ya jefa shi a tabarma kusa da takalmansa. Na ga idon mutanen ya bi shi. Ya ɓare goro ya jefa a baki, ya ce a kira masa wanda ya fi iya karatu, yana son ya ji abin da ya yi mako biyu yana yi wa riga. Na turo yarinyar. Ta tsaya tana duban ubanta, tana goge hannu a siket. Baba ya ce, "Ɗauki, jikata, zauna nan." Ta fara da murya ƙasa-ƙasa. Da ta kai inda birin ya gangara tudu ba birki, Baba ya miƙe ƙafa ya ce, "Sai me ja'irin ya yi?" Wani tsoho ya tuntsire da dariya, saura suka bi. Kwana uku Baba ya yi a garin, ya gama ya koma.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Yaran sun koma ɗauka, amma ban san abin da ke faruwa a ɗakuna ba, kuma ina jin kunyar in bi gida-gida ina leƙen ƙusa.

Hajiya ba ta aiko ba, wata Alhamis da hantsi kawai muka ga mota. Ta wuce kai tsaye ta ce a buɗe akwati. Littattafai biyar ne a ciki. Ta ce, "'Yata, ina saura?" Na ce suna gidaje. Ta ce, "A kawo." Yara suka watsu da gudu, ni kuwa na tsaya kusa da ita ina addu'ar kada su dawo da su tsaf. Direbanta ya riga ya buɗe bayan mota.

Suka fara dawowa ɗaya-ɗaya suna ajiyewa a teburi. Jar fatar ta yi duhu. Wani yana warin hayaƙi, wani da shatin yatsu na mai, wani an yi masa alama da tsinken gero a tsakiya. Hajiya ba ta tsaya kan bango ba. Takan ɗauki littafi ta sake shi ya buɗe da kansa, ta nuna yaron da ya kawo ta ce ya gaya mata abin da ya faru a wannan shafi. Wasu suka yi in-ina, wasu sai da aka ce su tsaya haka. Da aka gama, 'yar mai man gyaɗa tana tsaye hannu wofi. Hajiya ta ce, "Ke ina naki?"

Ta ce, "Babana ya hana. Na wani matuƙin jirgin ruwa ne, ina karanta masa in ya dawo gona. Ya ce saura kaɗan a ji ko ya kai gida. Ya ce a ba baƙuwa haƙuri zuwa jibi."

Sai Hajiya ta leƙa ta taga ta ce wa direba ya rufe bayan motar. Ta ɗauki jakarta ta ce mini bayan damina za ta aiko da wasu, in nemi akwati na biyu.

Na raka ta har mota kamar mutuniyar kirki. Motar tana ɓacewa na zaga bayan aji na zauna a ƙasa. Ban taɓa jin sauƙi irin na wannan rana ba, kamar an sauke mini tulu bayan doguwar tafiya. Na yi kukana na share fuska, na kira Baba a waya na gaya masa akwati ya zauna.

Ya ce, "To. Sun ɓata mini fata?"

Na ce, "Sun ɓata ta ƙwarai, Baba. Ba za ka gane ta ba."

Ina jin ƙarar askarsa a kan katako. Ya ce, "Madalla. In sababbin sun zo ki kawo tun ba su yage ba."