Fastar da Ta Kashe Tanko da Ransa

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar abokina Bulus mai hoto, amma jiya sai da ya ba ni dariya har da hawaye. Jikata ce ta nuna mini fastar bikin makarantarsu a waya. Hoton ya koɗe, ya yi zane-zane kamar a bola aka tsinto shi. Wai yayi ke nan, taɓawa ɗaya sabon hoto ya tsufa. Lallai wanda ya daɗe ya ga daɗau. Na ce mata ai sun makara.

Gida ɗaya muka yi haya da Bulus a unguwar Kwamba ta Suleja, ina bin motar Abuja zuwa aiki, shi yana shagonsa. Muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo da ta kusa shurawa, don sau biyu kujeru kawai muka yi wa wasa. Shugabanmu ya rantse in na uku bai cika ba, kowa ya kama gabansa.

Bulus ya ce laifin fastarmu ne, ta cika tsabta, tana ɓacewa cikin na 'yan siyasa. Ya ɗauko hoton Tanko, jarumin wasan, ya tsoma a baƙin shayi, ya shanya, ya goge da samfefa, ya cukuikuye, ya babbaka gefe da kyandir. Sannan aka yi ta kwafin kwafi har fuskar ta dusashe. A sama ya rangaɗa sunan wasan, "Tanko Ya Tafi", rana da wuri kuwa ƙanana a ƙasa. Kai, ta yi kyau! Ranar har rawa na taka.

Abin da muka manta shi ne, a Suleja haka maƙwabtanmu Kirista ke liƙa hoton mamaci da ranar jana'iza. Da safe muka liƙa fastar, kafin azahar an fara sallama a ƙofar Tanko ana gaisuwar mutuwa. Mahaifiyarsa ta taso daga Sabon Wuse tana kuka, ta iske mamacin yana cin waina.

"Wane ɗan nema ne ya kashe mini ɗa a takarda?"

Bulus ya durƙusa. "Ni ne, Mama. A yi haƙuri."

Sai da ta wanke shi tas, sannan ta ce a ajiye mata kujerar gaba. Faɗuwa ta zo daidai da zama: gari ya ɗauka, kowa yana son ganin mamacin da zai yi wasa. Zaure ya cika har tagogi, ƙungiya ta rayu. Har yau ban yarda mantuwa Bulus ya yi ba, shi da kansa yake buga wa cocinsu irin waɗannan fastocin.

Da yana nan, na san wayar jikata zai karɓa ya shinshina, ya ce bai ji ƙamshin shayi ba. Amma zai yi murna, don mutum ne mai son a wuce shi.

Shagon ya zama na cajin waya, ƙungiya ta watse da tsufa. Abin da ya rage shi ne har yau tsofaffin Kwamba ba sa wuce fasta ba su karanta ƙananan rubutun ba. Ni dai ina kewar Bulus. Da zazzaɓi ya ɗauke shi, danginsa suka liƙa hotonsa a bango, wani mai shayi ya tare ni yana dariya.

"Malam, wannan karon Bulus ne da kansa? Yaushe ne wasan?"