Taswirar Falmata

Har in bar aiki ba zan manta da ranar da sufeto ya same ni da 'yan aji huɗu a tsugune a ƙasa ba, kowa hannu dumu-dumu da gawayi. A wata firamare ce a Mafoni, cikin zango na biyu. Ina mataki na bakwai a lokacin, kuma rahotonsa ne zai sa a ƙara mini girma ko a tsallake ni.

Ga waɗanda ba malamai ba: duk Litinin malami kan kai littafin tsarin darasi hedimasta ya sa hannu, kuma abin da ke ciki shi ake koyarwa. Ni na rubuta "ma'anar taswira". Sati biyu ina maimaita ma'anar, yara na amsawa ba su gane ba, don rabinsu 'yan gudun hijira ne, Barbarci kawai suke ji sosai. Ran nan sai na yayyanka kwalaye, na ce kowa ya zana hanyarsa daga gida zuwa makaranta.

Akwai Falmata, mai shekara goma, wadda tun zuwanta ban ji muryarta ba. Ba hanyar makaranta ta zana ba. Ƙauyensu ta zana: rijiya, tsamiya, masallaci, gidaje bakwai. Ɗaya daga cikin gidajen ta goge shi da gawayi har kwalin ya huje. Ina tsaye a kanta sai ga sufeto, dattijo mai furfura.

Bai nemi littafina ba. Ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna, ya gaishe ta da Barbarci, "Wushe." Ya tambaye ta da Barbarci ina rana take fitowa. Ta nuna bayan tsamiya. Ya ce daga masallaci ta ina ake bi zuwa rijiya? A hankali ta fara bayani, tana bi da yatsa. Ya tambayi komai a kwalin, ban da baƙin gidan.

A ofis ya ce, "Malama Yagana, abin da na gani ba ya cikin tsarinki. Dole in rubuta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai sun gane."

Ya ce, "Sun gane, shi ma zan rubuta. Amma da kika miƙa musu gawayi, kin shirya wa abin da zai fito? Da ban shigo ba, me za ki ce mata?"

Gaskiya, da tambayarta zan yi wa ke cikin gidan, a gaban yara sittin.

Ƙarin girman sai shekara ta gaba. Falmata kuwa ta fara amsa tambaya a aji, kalma ɗaya, biyu. Sai dab da hutu ta same ni ni kaɗai ta ce gidan kakarta ne. Ba ta ƙara ba, ban nema ba.

Ban daina sa zane da waƙa a darasi ba, sai dai yanzu ina rubuta su a tsari. Ku malamai da kuke farawa, ku sani zane yana fito da abin da yaro ya gane, yana kuma fito da abin da ya gani. Na farkon ku ba shi maki. Na biyun ku jira shi ya kawo muku da kansa.